Akwatin Baikona da Dawar Sa'idu

Wasunku sun cika mini waya da saƙo, wai ni Zuwaira ban da kunya tun ina budurwa, wai ɗiyar da ta san darajar ubanta ba ta yin abin da na yi. To, na ji. Ku gyara zama in ba ku yadda abin ya faru a Madarunfa cikin shekarar 1996, in kun gama ji sai ku zage ni da hujja. Amma ku sani tun yanzu, ba haƙuri na zo ba ku ba.

Lokacin ina aiki a likitar garinmu, wato asibiti, wajen awon yara. Sa'idu ɗan unguwarmu ne, dogo, baƙi, ga shegen son bayani, in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya gaya maka yadda aka ƙera agogo. An yi mana baiko, bai daɗe ba ya samu bursi, wato tallafin karatu, ya tafi ƙasar Beljik ƙaro karatun noma. Ku 'yan yanzu da kuke kwana kuna danna waya ba za ku gane ba, mu kaset ne saƙonmu. Mutum ya zauna ya yi magana a ciki, ya ba mai zuwa gida ya kawo. Kuma kaset ɗin saurayi yana da ƙa'ida: fuskar farko ta manya ce, a tsakar gida ake saurarenta kowa ya ji, fuska ta biyu ita ce ta yarinya, babu babban da zai juya ta.

Ranar da kaset ɗin nan ya iso, bayan la'asar Baba ya fito da rediyonsa, wanda Inna ta ɗinka wa riga da ragowar atamfa, ya sa masa sabon pil, wato batir. Babana Malam Mahaman manomi ne, mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma ba ya maimaita magana. Ya zauna kan tabarma gindin dogon yaro. Inna tana gefe tana tsintar wake, Goggo Ɗelu ƙanwar Baba ta miƙe ƙafa tana ɓarar gyaɗa. Ni kuwa ina bakin madafi, tukunya ɗaya nake ta wankewa, don bai kamata a ga ina saurare ba.

Sa'idu ya gaida kowa da sunansa, har jakin gidanmu sai da ya tambayi lafiyarsa, Goggo ta yi ta dariya. Daga nan ya gyara murya.

"Baba, ka aiko a tambaye ni wane irin noma ake koyo a ƙasar da ba ta shuka dawa. To ga amsa. Abincin da ke gina jiki, irin nama da wake, da wasu ƙananan sinadarai aka haɗa shi, asid amine ake ce musu. Akwai guda ɗaya, lizin, wanda jikin yaro ba ya iya yin sa da kansa, dole sai ya ci a abinci. Dawarmu tana da shi, amma ɗan kaɗan. Tsiron yakan fara yin sa, da ya ɗan taru sai ya tsaya cak. Mu kuma akwai wata halitta da ido ba ya gani, bakteri, wadda umarnin da ke jikinta ba ya saurin tsayawa. Wannan umarnin muke cirowa mu sa a cikin tsiro, don ya ci gaba da yi. Yanzu dai a cikin kwalba muke gwadawa, amma in Allah ya yarda wata rana yaron da aka yaye da kunun dawa zalla..."

Ƙas! Baba ya danne rediyon.

Inna ta dakata da tsintar wake. Ni ma na daina motsa soson.

Baba ya ce, "Rakiya, kin ji abin da na ji?"

Inna ta ce, "Na ji, Malam."

"Ya ciro abu daga jikin wata halitta, ya cusa wa dawa. Wannan hannun ne zai shiga ƙwaryar irina?"

Dole in tsaya in yi wa Baba adalci, don ba na son kowa ya ɗauka ubana jahili ne. A gidanmu al'ada ce, duk wanda ya auri ɗiyar gidan, ranar ruwan shuka na farko shi ake miƙa wa ƙwaryar iri ya shuka layin farko a gandu. Irin nan tun na kakan Baba ne, jar dawa mai dogon kai. Kuma Baba ya taɓa ƙonewa. Bayan babbar yunwar nan, wasu masu furoje, wato shirin tallafa wa manoma, sun zo da motoci sun raba sabon iri mai saurin nuna. Baba ya yarda da su, ya shuke gona duka. Dawar ta riga ta kowa nuna, tsuntsayen duniya suka taru a kanta, ɗan abin da ya kai rumbu kuma ƙwari suka mayar da shi gari. Irin gida kuwa an riga an cinye shi. Sai da Baba ya taka har Safo ya durƙusa wa wani ɗan'uwansa kafin ya samo 'yan kawunan dawar kakansa. Masu furoje ko waiwayowa ba su yi ba. Tun daga nan, in ka ce wa Baba sabon iri, ka gama ɓata masa rana.

Da aka watse, Goggo Ɗelu ta miƙo mini rediyon a ɓoye cikin zanenta.

Ta ce, "Ungo, je ki ji naki, kafin uban naki ya ce a jefa shi rijiya."

Na shige ɗaki, na rage murya, na manna kunnena.

"Zuwaira, sanyin ƙasar nan ya ishe ni, abincinsu kuma babu yaji ko na rantsuwa. Jiya na yi mafarkin kina yi mini masifa, na farka ina murna. In aiki ya ƙi, in kwalaben suka ruɓe, yaran nan naki da kike ba ni labari nake tunawa, sai in sake farawa."

Na yi kuka, ba na ɓoye muku. Ina son mutumin nan har cikin ƙashina.

Yaran da yake nufi kuwa, ni na san su da ido. Kowace damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sai su fara zuwa: gashi ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. An koya mana mu ce wa uwaye su riƙa sa garin wake ko ƙuli-ƙuli a kunu. Haka na gaya wa wata mata daga wajen Sarkin Yamma, tana riƙe da ɗanta Usman da na sauke daga ma'auni. Ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Madam, waken da gyaɗar tun kaka maigida ya kai kasuwa. Dawa ce kaɗai a gidan. In kina da wata dabara ta dawa, gaya mini."

Ban da wata dabara. Awo na gaba ba ta zo ba, na tambayi maƙwabciyarta, ta ce mai abu ya karɓi abinsa. Don haka ni da na ji bayanin Sa'idu, ba halittar da ido ba ya gani na tuna ba, tambayar matar nan na tuna.

Baba bai sake tada maganar ba. Saƙo kawai ya aika gidansu Sa'idu, cewa in yaron ya zo hutun wakansi yana son ganinsa da waliyyinsa. Watannin nan a gidanmu ko sunan Beljik ba a ambata. Inna kullum cikin yi mini nasiha, in za ta ba ni tsintsiya ma sai ta haɗa da, "Ki dai bi ubanki a hankali."

Sa'idu ya iso tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Da yamma ya zo zance. Na saka atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na kafa ɗaurin kallabi, na zizara kwalli, na fito ina taku ɗai-ɗai kamar ba ni ce na leƙa ta katanga sau ba adadi ba. Ya rame, ya ɗan yi haske, yana sanye da farar shadda da ta yi masa yawa.

Na ce, "Ashe Turawan ba su ba ka abinci."

Ya ce, "Ke kuma ashe bakin nan bai mutu ba."

Muka yi dariya, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗin da ya aro.

"Baba ya gaya wa waliyyina Kawu Bala sharaɗinsa. In dafa Alƙur'ani in rantse na bar aikin nan har abada, a sa mana rana. In na ƙi, a mayar da kayan baiko."

"Sai ka ce me?"

"Zan rantse, Zuwaira."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "Maimaita."

"Zan koma in canza fanni. In yi na taki, ko na ban ruwa. Duk noma ne."

"Dawar fa?"

"Ba ni kaɗai ne a labo ɗin da muke gwajin ba."

"Su sauran, dawa suke ci?"

Ya ce, "Su a masara da waken soya hankalinsu yake. Ni ne dai nake damunsu da dawa."

"To in ka tashi, wa zai dame su?"

"Haba Zuwaira! Abin nan fa ba tabbas gare shi ba. Dawa taurin kai gare ta, ba ta karɓa da sauƙi. Yana iya cin shekara goma, ko ashirin, yana iya ƙi gaba ɗaya. Ko ya yi, sai an daɗe ana gwada shi kafin a ba ɗan wani ya ci. In saki abin da nake da tabbas a kansa saboda abin da ke cikin kwalba? Ke nake so."

Masu karatu, na san a nan da yawanku za ku ce, ke kuwa me kike nema da ya wuce wannan? Namiji ya ajiye aikinsa saboda ke! Ni ma zuciyata ta yi wani lugub. Amma na hango mu bayan shekaru, yana zaune bayan tebur a wani biro yana rubuta buhunan taki, ni kuma na dawo daga awo in ce masa yau ma mun rasa yaro, ya ɗauke kai, ni ma in ɗauke kai. Na san Sa'idu, rantsuwar ba zai karya ta ba, ita ce za ta karya shi, kuma kullum ya dube ni ya san saboda wa.

Na ce, "Kar ka rantse."

Ya ce, "Na riga na ba Kawu amsa. Gobe da hantsi za mu zo."

Na juya na shige gida ko sai da safe ban ce masa ba.

Washegari na ƙi zuwa aiki. Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ta aika da fura a ƙwarya mai faifai. Ina jin sallamarsu na ɗauko babban mayafina na lulluɓa har goshi. Inna ta tare ni a bakin rumbu.

"Ina za ki?"

"Nan kusa."

"Zuwaira, ki rufa mini asiri. Zauren maza ne, surukai ne a ciki."

Na ce, "Inna, ki yafe mini," na raɓa ta gefenta na wuce.

Na tsaya jikin ƙofar zaure ta ciki. Ina jin Baba yana cewa, "Kana da alwala?" Sa'idu ya ce yana da ita. Na ji ƙarar buɗe gafaka. Ban san lokacin da na yi sallama na faɗa ba.

Kawu Bala, ƙanen mahaifin Sa'idu, har ya ɗauki ludayi zai kai baki, ya tsaya da shi a sama. Sa'idu yana durƙushe, hannunsa na dama a miƙe, saura kaɗan ya sauka. Na zube a bakin ƙofa, gwiwa biyu, kaina a ƙasa. 

Baba ya ce, "Mi ya kawo ki nan?"

"Baba, magana gare ni."

"Ki koma ciki."

"Zan koma, Baba. Amma in Sa'idu ya rantse, ni ce ba na son auren."

Ku lura, sunansa na kama, gatsal, a gaban ubana da kawunsa. Kawu Bala ya ce, "Inna lillahi!" ya ajiye ludayin. Daga cikin gida na jiyo salatin Inna.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya rufe gafakar a hankali, ya ɗora ta kan cinyarsa, ya daɗe yana dubana.

"Ɗiyar nan, lakwal ɗin bokon da na sa ki ita ta koya miki haka?"

"A'a Baba, ma'auni ne ya koya mini. Ni nake ɗora yaran nan, ni nake sauke su."

"To tunda kin shigo, zauna ki ji." Ya juya wajen Sa'idu. "Kai, dawar nan taka, ka san abin da za ta haifa in ta haɗu da ta mutane a gona? Ka san abin da za ta yi wa jikan wanda ya ci?"

Sa'idu ya ce, "Ban sani ba tukuna, Baba. Shi ya sa ake gwaji."

"A gonar wa? Waɗancan ma da suka zo da motoci gwaji suka yi, a gonata. Su suka koma gida, ni na tafi roƙon iri. Kuma su ko taɓa halittar Allah ba su yi ba."

Babu ƙarya a maganarsa. Ni ma na san haka.

Na ce, "Baba, ban ce ka shuka ba. Ka riƙe irinka, ko ƙwaya ɗaya kar ka ba shi. Ranar shuka ma kar a miƙa masa ƙwaryar, na yarda. In abin nasa ya fito ba shi da kyau, ni zan fara cewa a ƙone shi. Amma kar ka ɗaure masa hannu tun bai gano ba."

"Surukin da ba zan miƙa wa ƙwaryata ba, ba surukina ba ne. Ni ban taɓa yi wa ɗiyata dole ba, ba kuma zan fara a kanki ba. Ya rantse kin ce ba ki so, to ba za a yi ba. Bai rantse ba, ni ba zan bayar ba. Kin ga kin rufe ƙofa biyu da hannunki."

Sa'idu ya juyo ya dube ni, idanunsa sun yi ja. A hankali ya janye hannunsa ya mayar kan gwiwa.

Ya ce, "Kin kashe mu, Zuwaira."

Na ce, "Ka koma ka gama aikinka."

Baba ya ce wa Kawu Bala, "Malam Bala, ku yi haƙuri. Kayanku za su iso muku."

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, har da shessheƙa, fuskata cikin matashi. Inna ta ƙi kula ni. Ina ji Baba ya ce wa Goggo Ɗelu ta haɗa kayan, in an yi magariba ta kai. Haka ake yi a garinmu, tsohuwa ce ke mayar da kayan baiko, a lulluɓe, bayan duhu ya fara, don kada gida biyu su ji kunya. Goggo ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gadon Inna, koren akwatin ƙarfe mai fenti, ta jera atamfofin da ko ɗinka su ban yi ba, da takalmi, da sabulai, da kwalbar turare, tana yi tana tsaki.

Ta ce, "Ke dai an yi ja'irar yarinya. Miji kamar wannan!"

Da aka kira la'asar Baba ya tafi masallaci, na wanke fuskata, na sake ɗaura kallabi, na naɗa gammo.

"Goggo, ɗora mini."

"In ɗora miki mi?"

"Akwatin. Ni aka kawo wa, ni zan kai."

"Da rana tsaka? Ta bakin kasuwa? Kin haukace!"

"Ko ki ɗora mini, ko in ja shi a ƙasa kowa ya ji ƙararsa."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa. Sai ta kama hannun akwatin ɗaya tana cewa, "Ni dai ban gani ba, bayi na shiga."

Ban bi lungu ba, babbar hanya na bi. Masu saƙar taru a gindin bishiya suka daina hira, matan da ke dawowa daga tafki da wanki suka tsaya suna nuna ni da baki. Wata ta ce, "Ba ɗiyar Malam Mahaman ba ce?" Na ce, "Ita ce, sannunku da aiki." Wuyana kamar zai karye, amma ban sauke ba.

Mahaifiyar Sa'idu, Inna Hajara, tun da aka yi baiko ban taɓa yarda mun haɗa ido ba, in na hango ta a hanya sai in canza lungu. Ranar nan na yi sallama na shiga har tsakar gidanta. Tana tankaɗe, ta saki rariyar. Sa'idu ya fito daga ɗakinsa ya tsaya turus. Na sauke akwatin a gabanta, na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Ke suka aiko? Tsofaffin gidanku sun ƙare?"

"Ba aiko ni aka yi ba, Inna. Kuma ba mayarwa na zo yi ba. Ajiya na kawo, ki riƙe mini."

"Har yaushe?"

"Har ranar da Baba zai ce a dawo da shi."

"Mahaman na sani tun muna yara. In bai ce ba fa?"

"Sai ya yi ta zama a wajenki. Ni dai ba za a kawo wani akwatin gidanmu in karɓa ba."

Ta daɗe tana kallona, ta juya ta kalli ɗanta. Sai ta karkaɗe garin hannunta a zane.

Ta ce, "Ni ba na karɓar ajiya a tsakar gida. Kai, tsayuwar mi kake? Kama mata ku shigar da shi ɗakina."

Muka kama, shi hannu ɗaya ni hannu ɗaya. A bakin ƙofa ya ce ƙasa-ƙasa, "Har yanzu ina jin haushinki." Na ce, "Ka tafi da shi Beljik, zai yi maka maganin sanyi."

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Baba yana zaune a ƙofar zaure shi kaɗai, carbi a hannu, ko mutum ɗaya babu a kusa da shi, duk sun watse don kar su ga abin da zai faru. Nan ne tsoro ya kama ni na gaske, don ina son ubana, kuma na san na tsinka shi a gaban gari. Na zo gabansa na durƙusa.

"Na dawo, Baba."

Bai dube ni ba. Ya ja ƙwayar carbi ɗaya, ya ja ta biyu.

"An mayar?"

Da na ce e, da shi ke nan, zai bar ni in wuce, ko da ya san ƙarya ce. Ƙofar da ya buɗe mini ke nan, na kuma gane.

Na ce, "An ajiye, Baba."

Ya ɗago ya zuba mini ido. "Ban ji ba."

"An ajiye."

Aka kira magariba ina nan durƙushe, bai ce in tashi ba, ni kuma ban canza amsar ba.